Tsarin Gari a Kano da Kalmomin da Ya Bari a Bakin Jama'a

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a Kano ya san ba a daɗewa ana hira a ƙofar gida maganar fili ba ta shigo ba. Wani an ba shi fegi, wani ya sayi awon igiya, wani ya wayi gari ya tarar an shafa wa katangarsa jan fenti, wani kuma tun bara ya ke jiran diyya. Kalmomin nan ba lokaci ɗaya su ka shigo Hausa ba, ba kuma ta hanya ɗaya ba. Ko wace daga cikinsu tana da zamaninta, tana kuma da hukumar da ta zo da ita. Nufina a wannan takarda shi ne in bi su daki-daki, in nuna yadda ikon tsara gari ya yi ta sauya hannu a Kano, tun daga mai unguwa har zuwa ofishin Gwamna, sa'an nan in nuna inda fahimtar talaka da nufin doka su ka saɓa. Na zaɓi Kano ne domin a nan a ke iya ganin tsohon tsari da na Turawa da na yanzu a jere, wuri ɗaya. Amma mai karatu da ya san Zariya ko Katsina zai ga abubuwa da yawa da ya saba da su.

1. Birni da unguwanninsa

Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu ne ya fara gina ganuwa, wajen farkon ƙarni na 12. An faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, an kuma ƙara faɗaɗa ta a ƙarni na 17. Rumfa ɗin nan shi ya kafa Kasuwar Kurmi, shi ya gina fadar da har yau a ke kira Gidan Rumfa. To, abin lura shi ne, ganuwa ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. Dokta Barth, Bajamushen nan da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta mazaunan birnin wajen mutum 30,000, ya kuma ga cewa babban kaso na cikin badala gonaki ne da fili. Da gangan a ka bar shi haka, domin in yaƙi ya zo an rufe ƙofofi a sami inda za a yi noma, a kuma sami inda mutanen karkara za su fake da dabbobinsu.

Sunayen unguwannin birni su ne babbar shaida a kan yadda a ke raba wuri a wancan zamani. Ana iya kasa su kashi uku. Na farko su ne masu nuna asalin mazauna, kamar Agadasawa, da Tudun Nufawa, da Zangon Barebari, da Ayagi inda Yarabawa su ka sauka, da Sharifai. Na biyu su ne masu nuna sana'a, kamar Dukawa, da Soron Ɗinki, da Lokon Maƙera. Na uku su ne masu nuna wata alama ta wurin, itace ko rijiya ko gini, kamar Durumin Iya da Rijiya Biyu. Akwai kuma waɗanda Larabci ya ba mu: Alfindiki daga kalmar masaukin fatake, Alkantara daga kalmar gada. A wajen mai nazarin harshe ɗafin nan na -awa abin sha'awa ne, gama aikinsa na asali nuna jama'a ne, kamar a Kanawa da Katsinawa, amma a nan ya koma sunan wuri. Watau Bahaushe da mutane ya ke gane unguwa, ba da layin da a ka ja a takarda ba.

Wannan ya nuna cewa keɓe wuri don wani aiki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Marina tana da wurinta, kamar ta Ƙofar Mata. Majema da mahauta ba a ajiye su ko ina saboda wari. Maƙabarta da filin idi da makiyaya suna cikin abin da a ke kira hurumi, wanda ba mai ikon ya mai da shi nasa. Burtali kuwa an bar wa shanu, ko da ya ratsa ta tsakanin gonaki. Bambancin kawai shi ne ba a rubuta waɗannan iyakoki a taswira ba. Suna cikin kan dattawa.

Wanda ke riƙe da wannan sani shi ne mai unguwa. Baƙo in ya zo neman wurin gini, ta hannunsa ya ke bi. In za a sayar da gida shi ne shaida. In indararon wani yana zuba a gidan maƙwabcinsa, ko wani ya ci lungu da katanga, ko ya fasa taga tana leƙen cikin gidan wani, wurinsa a kan fara kai ƙara. In abu ya gagare shi sai a wuce gaba, har ya kai ga alƙali ko fada, a kan kuma nemi magina, da shugabansu Sarkin Gini, su duba su faɗi abin da su ka gani. Ka'idar da a ke bi ita ce ta hana cuta tsakanin maƙwabta, kamar yadda fiƙihun Malikiyya ya tanada. Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa ba zalunci a wancan tsari. Masu sarauta sun sha ƙwace gidan wanda ya rasu ba magaji na kusa, ko wanda ya yi ƙaura ya bar kango. Abin da na ke so a lura da shi shi ne, mai yanke hukunci yana kusa, an san gidansa, kuma da Hausa a ke magana da shi.

2. Bariki, Sabon Gari da Waje

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Ba su zauna cikin birni ba, sai su ka kafa mazauninsu a gabas da shi, wajen Nassarawa da Bompai. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai ma'aikata da 'yan kasuwa su ka yi ta zuwa daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. A 1913 a ka yanka musu Sabon Gari, da tituna miƙaƙƙu masu gicciye da juna, da filaye masu awo ɗaya. A 1917, zamanin Gwamna Lugga, a ka yi dokar da ta kasa garuruwan Nijeriya daraja uku. Ikko kaɗai ta sami daraja ta ɗaya, Kano tana cikin ta biyu. Tsarin wancan zamani ya bukaci a bar fili na yadi 440, watau rubu'in mil, ba gini, tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata. Hujjar da a ka bayar ita ce tsare lafiyar Turawa daga zazzaɓin sauro da shawara.

Da haka Kano ta zama gari mai ɓangarori, ko wane da hukumarsa. Birni yana hannun Sarki da En'e, an kasa shi fuska huɗu, Gabas da Yamma da Kudu da Arewa, ko wace da wakilinta. Unguwar Turawa da wurin kantuna suna hannun jami'in Bature. Sabon Gari ma a hannunsa ya ke har 1940, sa'ad da a ka mai da shi ƙarƙashin En'e. Fagge, wadda tun da can zangon fatake ce, ta ci gaba da karɓar baƙi Musulmi. Tudun Wada da Gwagwarwa su ka tashi don 'yan Arewa masu aikin ƙwadago da tsofaffin sojoji. 'Yan kasuwar Sham da Labanan kuwa, waɗanda Hausawa ke kira Kwarori, su ka sami nasu wuri kusa da Fagge, sunan Kantin Kwari yana tuna mana da su. Duk abin da ke bayan ganuwa Bakano ya haɗa shi ya kira shi Waje.

A wannan zamani ne kalmomin aro su ka kwararo. Safiyo shi ne mai awon ƙasa. Fegi asalinsa sunan ɗan turken da safiyo ke kafawa a kusurwar fili ne a Ingilishi, sai Hausa ta ɗauki sunan turken ta ba filin duka. Fuloti, da layi, da kwalbati, da kwata, duk daga can su ke. Lambatu, watau babbar magudanar ruwa, asalinta lamba ta biyu ce a Ingilishi. Kantoma ya fito daga sunan majistaren da ke kula da barikin soja. Amma ba ko yaushe Hausa ta yi aro ba. Ma'aikacin tsabta da ke shiga gida-gida yana leƙa randa da shadda, Hausawa da kansu su ka raɗa masa suna duba-gari, a bisa ƙirar nan ta aikatau da karɓau da mu ka sani a hana-salla da dafa-duka.

Kalmar da ta fi ko wace tafiya mai nisa ita ce bariki. Da fari masaukin soja ce. Daga nan ta zama unguwar Turawa da ofisoshinsu. Daga nan kuma ta bar wuri ta koma hali, har a ke cewa ɗan bariki, da zaman bariki, ana nufin rayuwar wanda ya fita daga idon dangi da na mai unguwa. Ga misali ƙarara na yadda shawarar da a ka yanke a ofis game da inda wane zai zauna ta kan shiga harshe ta zauna, ko bayan dokar da ta haife ta ta mutu.

3. Dokar ƙasa da kalmar mallaka

Tun 1910 Turawa su ka yi shela cewa ƙasar Nijeriya ta Arewa duka tana ƙarƙashin kulawar Gwamna, shi zai riƙe ta don amfanin 'yan ƙasa. Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta wannan a dokarta ta 1962. A 1978 kuma gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta game Nijeriya duka, a ka kuma cusa ta cikin tsarin mulki na 1979 da na 1999, don kada a iya sauya ta da sauƙi. Ga jigoginta a taƙaice. Ƙasar ko wace jiha amana ce a hannun Gwamna. Ƙasar da a ka ayyana ta cikin gari ce Gwamna ke ba da ita. Ta karkara kuwa ƙaramar hukuma na iya ba da izinin riƙe ta bisa al'ada. Wanda a ka bai wa fili ba ya sayar da shi ko ya jinginar sai da yardar Gwamna. Gwamna yana da ikon janye izini idan bukatar jama'a ta taso, kamar hanya ko makaranta ko asibiti.

A nan ne harshe ya shiga tsakani. Takardar da Gwamna ke sa wa hannu, sunanta a doka shaidar izinin zama ne a kan fili, galibi na shekara 99 in na gidan zama ne. Amma a bakin jama'a, har da gidajen rediyo, sunanta takardar mallaka. Mallaka kuwa a Hausa ba ta da wa'adi. Abin da ka mallaka naka ne, ka sayar, ka kyautar, ka bar wa 'ya'ya, ba sai ka nemi izinin kowa ba. Saboda haka mutum ya kan karɓi takarda yana ganin ya zama mai ƙasa, alhali kuwa a idon doka riƙo ya ke yi.

Haka kuma kalmar diyya. A fiƙihu diyya fansar rai ce ko ta gaɓa, abin da a ke biya a madadin abin da ya salwanta. Wanda a ka ce za a ba shi diyyar gonarsa, abin da ya ke ji shi ne za a ba shi kimar gonar. Doka kuwa ba ta biyan kuɗin ƙasa tsurarta, tun da a wurinta ƙasar ba tasa ba ce. Abin da ta ke biya shi ne abin da ya ɗora a kai: gini, da rijiya, da itatuwa, da amfanin gona. A ce manomi yana da gona a gefen gari wadda ya gada kaka da kakanni, ba kome a cikinta sai kukoki biyu da karan dawa. Ran da gari ya iso gare shi a ka yanka ta fegi-fegi, kuɗin fegi ɗaya a kasuwa ya ninka abin da lissafin doka zai ba shi sau da yawa. Don rage wannan ƙorafi ne gwamnatoci su kan ba masu gonaki wani kaso na filayen da a ka yanka. Manomin nan in ya ce an cuce shi ba ƙarya ya yi ba, jami'in da ya ce an bi doka shi ma ba ƙarya ya yi ba. Kalma ɗaya su ke faɗa, ma'ana biyu su ke nufi.

4. Wa ke yanke shawara?

A farkon shekarun 1960 a ka kafa hukumar tsara Kano da kewayenta, a ka kuma ɗauko wani masani mai suna Trevallion ya shirya tsarin shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983. Tsarin ya nuna inda masana'antu za su zauna, da inda za a yi gidaje, da inda manyan hanyoyi za su bi. Amma gari ya fi takarda sauri. A ƙidayar 1952 mutanen Kano, birni da Waje, ba su wuce wajen 130,000 ba. A 1967 Kano ta zama hedkwatar jiha, ma'aikata su ka ƙaru, kuɗin man fetur ya shigo a shekarun 1970, fari kuma ya koro mutanen karkara. Kafin ƙidayar 2006 ƙananan hukumomin da su ka haɗu su ka yi babban birnin sun tasam ma mutum miliyan uku.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, ya raba sarakuna da ikon zartarwa. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, da haka mai unguwa ya rasa aikin da ya sa ya ke ƙidaya gidajen unguwarsa ko wace shekara. Yau babban birnin Kano yana cikin ƙananan hukumomi takwas: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Ba wata majalisa guda ta gari wadda ta haɗa su. Tsarin mulki na 1999 ya ba ƙaramar hukuma ayyuka irin su kula da kasuwanni, da tashoshin mota, da maƙabartu, da kwashe shara, da magudanun ruwa, da raɗa wa tituna suna, da sa wa gidaje lamba. Amma ba da fili a cikin gari, da yanka sabuwar unguwa, da amincewa da zanen gini, da sauya wa fili aiki, duk suna hannun jiha, ta ma'aikatar ƙasa da Hukumar Tsara Birane, wadda a ke kira KNUPDA.

A 1992 gwamnatin tarayya ta yi dokar tsara birane da yankuna, wadda ta tanadi hukumar tsari a mataki uku, tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, ta kuma ce a baje daftarin tsari a fili don jama'a su gani, mai ƙorafi ya kawo. A 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta kai, ta yanke cewa tsara gari hakkin jihohi ne. Tun daga nan abin ya rage ga ko wace jiha da dokarta. Ƙananan hukumomi kuwa, a shekarun baya, sau da yawa ba zaɓaɓɓu su ka riƙe su ba, sai wanda Gwamna ya naɗa, kuma abin mamaki, sunan da Hausa ta ba wannan mutum shi ne kantoma, sunan nan na jami'in bariki. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta ce wannan naɗi ya saɓa wa tsarin mulki.

To, a duba halin da mazaunin unguwa ya ke ciki. A ce an wayi gari ana haƙa ramin tankin gidan mai a jikin katangarsa, ko an mai da gidan maƙwabcinsa wurin biki, ko an fara gini a filin da yara ke ƙwallo. Bisa ga sabo sai ya nufi mai unguwa. Mai unguwa yana jin Hausa, ya san tarihin filin, amma ba shi da iko. Ya je wurin kansila, kansila yana neman ƙuri'arsa, amma ba shi ya ba da izinin ba. Ofishin da ya ba da izinin kuwa yana da iko, amma da Ingilishi ya ke rubutu, kuma ba wanda ya zaɓe shi. Shi ya sa mutane su kan kai kukansu gidan rediyo, ko su kafa ƙungiyar ci gaban unguwa, ko su nemi wani babba ya yi musu magana.

5. Awon igiya, kududdufi da rusau

Fegin gwamnati bai taɓa isar masu nema ba. Saboda haka mai gona a gefen gari ba ya jiran safiyo. Shi da dillali su kan ɗauki igiya su auna gonar, su yanka ta, su sayar, mai unguwa ko dagaci ya sa hannu a takardar ciniki. Wannan shi ne awon igiya, kuma da shi a ka gina babban kaso na unguwannin da ke kewaye da Kano. Sunan kansa yana da ma'ana: an ambaci kayan awon ne don a bambanta shi da na hukuma, wanda a ke yi da na'ura. Amfaninsa a bayyane ya ke, gama ya ba talaka wurin sa haƙarƙarinsa a kan kuɗin da zai iya. Illarsa ita ce mai gona ba ya samun ko kwabo daga hanya, ko makaranta, ko maƙabarta, ko magudana, don haka ba ya barin musu wuri sai ɗan abin da ya zama tilas. Bayan shekara ashirin sai a tarar da unguwa cike da mutane, motar kashe gobara ba ta iya shiga, in za a kawo titi sai an rushe gidaje.

A cikin birni kuwa matsalar ta kududdufi ce. Kududdufi rami ne da a ka haƙa don ɗibar ƙasar gini, shekara da shekaru ya zama matattarar ruwan sama. Ba wanda ya zana shi a taswira, amma aikin da ya ke yi babba ne: ya kan riƙe ruwan unguwa har ya tsotse ko ya gangara Jakara a hankali. Da ƙasa ta yi tsada sai a ka yi ta cike kududdufai da shara ana gini a kai. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022, ta lalata dukiya mai yawa, an danganta ta da gine-ginen da a ka yi a kan hanyoyin ruwa. Ganuwa ita ma haka ta sha: ko da ya ke tun 2007 tana cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO don neman a sa su cikin kayan tarihin duniya, an ci wurare da yawa na jikinta da gini da ɗibar ƙasa.

Daga nan sai rusau. Ƙirar kalmar irin ta mantau da gagarau ce, watau aikatau da ɗafin -au, wanda a kan yi sunan mai yawan aikata abu da shi. A nan ta zama sunan aikin da hukuma ke yi da katafila. A watan Yuni na 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, gwamnatinsa ta rushe gine-gine da dama, cikinsu har da waɗanda a ka yi a harabar tsohon otal ɗin Daula, da shagunan da ke jikin filin idi na Ƙofar Mata. Hujjarta ita ce filayen na jama'a ne, gwamnatin da ta gabata ta ba da su ba bisa ƙa'ida ba. Masu shagunan kuwa su ka ce da takardun hukuma su ka yi gini. A watan Satumba na shekarar Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta umarci gwamnati ta biya masu shagunan filin idi naira biliyan 30, daga baya a ka yi sulhu a kan abin da bai kai haka ba.

Ba aikin wannan takarda ba ne ta ce wane ne da gaskiya. Abin da ya shafe mu shi ne, ɓangarorin biyu da tsofaffin kalmomi su ka yi jayayya. Masu goyon bayan rusau hujjar hurumi su ka kawo: filin idi da makaranta da maƙabarta ba na sayarwa ba ne, ko wa ya sa hannu. Waɗanda a ka rushe wa kuwa hujjar mallaka su ka kawo: ga takarda, ga hatimi. Da a ce tun ran da za a sauya wa filayen nan aiki an yi shela da Hausa, an tara mutanen unguwa an ji ta bakinsu, da wataƙila gardamar ta faru kafin a zuba harsashi, lokacin da ba ta da tsada.

6. Abin da ya rage gare mu

Daga abin da ya gabata abu uku sun fito waɗanda su ka shafi masu nazarin Hausa da malaman kwalejojin horon malamai.

Na ɗaya, akwai bukatar a daidaita kalmomi. Har yanzu ba mu da kalma guda da kowa ya yarda da ita don kasa gari shiyya-shiyya, a ce nan gidaje, nan kasuwa, nan masana'antu. Ina ganin keɓe shiyya za ta yi, tun da ko wace daga cikin kalmomin biyu sananniya ce. Takardar nan ta Gwamna kuwa, da a kira ta takardar izinin riƙe fili da an fi kusa da gaskiya, ko da ya ke na san raba bakin jama'a da kalmar mallaka ba ƙaramin aiki ba ne. Hurumi kuma bai kamata a bar ta ta tsufa ba, domin babu kalmar aro da ta kai ta ɗaukar ma'anar filin da ya ke na kowa ne, ba na wani ba.

Na biyu, sunayen wurare suna ɓacewa. Kududdufin da a ka cike ya kan tafi da sunansa, alhali kuwa sunan nan shi ne shaidar da ta rage cewa ruwa yana da hakki a wurin. Malami zai iya sa ɗalibansa ko wane ya je unguwarsu, ya zauna da dattawa, ya rubuto sunayen lunguna da rijiyoyi da kududdufai da itatuwa, da dalilin ko wane suna, da abin da ke wurin yanzu. Aikin nan darasin harshe ne, na tarihi ne, na labarin ƙasa ne, ba ya kuma bukatar kome sai littafin rubutu da ladabi.

Na uku, fassara. Dokar 1978 ba ta da tsawo ƙwarai, amma ita ke hukunta gidan ko wane mutum a Kano. Ɗalibin da ya gama kwaleji ya kamata a ce zai iya zama a zaure ya bayyana wa mahaifinsa, da Hausar da zai gane, abin da takardar filinsa ta ba shi da abin da ba ta ba shi ba, da ofishin da zai nufa in ya ga jan fenti a katangarsa. Sassan Hausa na jami'o'i da kwalejoji su ne su ka fi cancanta su shirya irin wannan bayani, tare da masana shari'a da masu tsara gari, a buga shi a ƙaramin littafi, a kuma karanta shi a rediyo.